Yadda zaka yi wa abokin kiɗanka maganar shigarsa ba tare da ƙungiya ta watse ba

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar kiɗa, ko ta biki ce mai kalangu da 'yan amshi, ko ta matasa masu fiyano da jita, ko ma ta 'yan mandiri, yasan cewa gaya wa mutum ya kauce wa kiɗa ko muryarsa tayi ƙasa ba wani abu bane, za'a ɗan yi musu a rihazal a wuce. Inda ake samun matsala shine ranar da zaka buɗe baki kace masa rigar nan da kake zuwa da ita bata dace ba, ko askin nan naka yana jawo mana magana, ko wadda tafi kowacce nauyi, wato ana jin warin jikinka in mun yi zufa. Mu a wajenmu sutura mutunci ce, in ka taɓa kayan mutum to ka taɓa aljihunsa ka taɓa tarbiyyar gidansu duk a lokaci guda, shiyasa yawancin masu jagorantar ƙungiya sai suyi gum suna cin abun a rai wata da watanni, har sai ranar da uwar amarya ta kira waya tace wancan yaron naku mai yagaggen wando kar ku sake kawo mana shi, sannan su fashe a gaban kowa, daga nan kuma sai kaji wane ya bar ƙungiya har ya tafi da mai ganga.

Kuma yanzu maganar bata kaucuwa. Da can in kun yi wasa kun tashi shikenan, wanda ya gani ya gani. Yanzu kowa a hol ɗin waya ce a hannunsa, kuma waya in tana kusa da sifika sautin fashewa yake yi, ba'a jin daɗin kiɗan da kuka sha wahala a kai, amma hoton tar yake fita. Hajiyar da zata ɗauke ku bikin 'yarta wata mai zuwa wannan guntun bidiyon na TikTok zata fara gani kafin ta taɓa jin ku ido da ido. Kenan maganar shiga maganar abincin kowa ce a ƙungiyar, kuma da wannan fuskar ya kamata ka shigo da ita.

Kafin ka kira kowa, zauna kai kaɗai ka tantance mene ne ainihin abun da yake damunka. Akwai abun da mutum zai iya gyarawa gobe da safe, irinsu guga, wankin hula, hawa dandamali da silifas ɗin wanka, danna waya ana tsakiyar waƙa, taunar cingam a gaban maik. Akwai wanda sai da kuɗi. Akwai kuma wanda halitta ce, ƙiba, rama, gajarta, sanƙo, baƙin fata, tsagar gado a fuska, ɗingishi. Wannan na ukun babu ruwanka da shi ko da wasa ko da sunan shawara, wallahi na tsani jin shugaban ƙungiya yana cewa wai a mayar da wance layin baya saboda ta cika jiki a hoto. Muryarta ka ɗauka aiki. In kayan ne basu zauna mata ba to a koma wajen tela a sake awo. Sai kuma ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, abun nan mai biki ya taɓa ƙorafi a kai, ko yana hana aiki, ko zai iya jawo muku hukuma, ko kuwa kawai kai ne baka son kalar? In ra'ayinka ne kawai ka haɗiye shi, ka ajiye ƙarfinka don maganar da ta zama dole.

In ka gama wannan, ka bar bidiyo yayi maka rabin aikin. Ranar rihazal za'ayi, kar a kuskura ayi ranar wasa kowa hankalinsa a tashe. A samo bidiyon wasan da ya wuce wanda aka ɗauka daga nesa yadda kowa ya fito, a zauna a kalla tare, sau ɗaya da sauti sau ɗaya a kashe sautin. In aka kashe sautin ne ido yake buɗewa, nan zakaga wanda ya juya wa mutane baya, da wanda yake hamma, da wanda waya da caja suka cika masa aljihu rigar ta karkace gefe guda. Ka fara da kanka, ka nuna abu ɗaya naka da bai yi ba, sannan ka tambaya, in ku ne masu biki kuka ga mutanen nan nawa zaku biya? Kar ka tsayar da bidiyon daidai kan mutum ɗaya, kuma ka ja kunne tun farko cewa ba zaman tsokana bane, domin a kowace ƙungiya akwai wanda dama jira yake a buɗe ƙofa ya yi wa wani dariya. Sau da yawa wanda kake ta tunanin yadda zaka tunkara da kansa zai ga kansa, sai kaga sati mai zuwa ya zo a goge tsaf baka ce masa uffan ba.

Toh ga inda nafi so a tsaya, maganar kuɗi. Yaron da kake ganin baya kula da shigarsa wataƙila kala biyu gareshi na fita, ɗaya tana jiƙe a igiya, kuma kason da yake samu bayan wasa da kyar yake isarsa kuɗin mota da cefane. Ka dubi yadda manyan makaɗanmu na da suke yi, ubangidan kiɗa shi yake tufatar da yaransa, in sarki ko attajiri yayi kyautar riguna da huluna akan raba har 'yan amshi da masu kiɗa su samu, shiyasa in sun fito kowa fes. Yau kuma sai oga ya sha Getzner da agogo yana ƙyalli a gaba, yaran suna baya da kayan gwanjo, sannan ya juyo yana musu faɗan sun zubar masa da aji. Gaskiya wannan zalunci ne. In kana son ƙungiya ta fito da kama ɗaya to ka sa hannu a aljihu, ko kuma a yanke wani kaso sananne daga kafin alƙalamin kowane wasa tun kafin ayi rabo, a zuba a asusun kaya, kowa yasan nawa ne kuma wa yake riƙewa, a rubuta a littafi saboda gudun zargi. In ya taru a shiga Kantin Kwari ko kasuwar garinku a yanko yadi daga bandir ɗaya, domin in aka ce kowa yaje ya sayo ruwan toka zakaga ruwan toka kala biyar a dandamali. Tela ɗaya, kuma kowa yaje da ƙafarsa a auna shi, banda ai kamar jikin wane ne. Kar ku kai ɗinki ana saura sati biyu Sallah, kun san yadda aiki yake yi wa teloli yawa a lokacin. Ku yi kala biyu aƙalla saboda bikinmu a jere ake yinsa, kamu yau dina gobe, kuma waɗanda suka gan ku jiya su zasu gan ku yau. Kayan su zauna a hannun mutum ɗaya, shi zai kai wanki da guga, ya kai huluna wajen mai wankin hula, ya kawo ranar wasa ya tattara bayan an tashi. Da wannan kaɗai rabin maganganun masu nauyi sun mutu tun kafin ayi su, ba sai ka kalli idon kowa kace masa rigarsa ta koɗe ba.

Wajen zaɓen kayan ka bar kowa yayi magana kan aikinsa, don akwai ƙorafin da kai kake ɗauka taurin kai ne alhali gaskiya mutum yake faɗa. Mai kalangu a hammata yake matse shi, da matsawar nan yake canza masa murya, in ka lafta masa babbar riga mai sitati hannun rigar shiga yake tsakaninsa da igiyoyin, dole kaga ya naɗe ta a kafaɗa ko ya cire gaba ɗaya. Mai jita maɓallin hannun kaftani yana taɓa masa waya. Mai ganga irin ta zamani a zaune yake yana aiki da ƙafa, wando mai walwala yake buƙata. Sannan ruwan toka mai haske da shuɗi mai haske tona asirin zufa suke yi, kafin a gama waƙa biyu baya da hammata sun nuna, fari ko kala mai duhu sun fi rufa asiri. Yadi mai ƙananan layuka rawa yake yi a kyamara. Yadi mara kauri kuma in fitila ta hasko daga baya shara-shara yake komawa, a ɗaki baka taɓa ganewa, don haka a sa kayan a rihazal a kunna fitila a bayan mutum a ɗauka da waya a duba, musamman na mata. Ku tuna da takalmi, in dandamali mai tudu ne waɗanda suke teburin gaba ƙafafunku ne daidai idonsu. Kala ma magana take yi, a Kano in kuka fito su takwas da jar hula kowa Kwankwasiyya zai karanta ko kun yi niyya ko baku yi ba, in kuma gidan bikin na ɗaya ɓangaren ne kun ja wa kanku, don haka a yi ƙa'ida tun wuri cewa hular siyasa da rigar jam'iyya a gida ake barinsu sai in wasan siyasar aka ɗauke ku.

Kuma ba dole sai anko ba. Ƙungiyar Etran Finatawa ta Nijar da aka kafa a 2004 Buzaye ne da Fulani Wodaabe a haɗe, Buzayen da rawani da dogayen riguna, Wodaaben da kwalliyar fuska da gashin tsuntsu a ka, kowa da shigar gidansu a dandamali ɗaya, kuma da wannan kamar aka san su har Turai. Abun da ido yake nema shine yaga an shirya, an yi shawara. In akwai wanda yace shi ba zai rabu da rawaninsa ba ko ita ba zata rage mayafinta ba, a gina kamar ƙungiyar da shi a ciki.

Duk da haka akwai maganar da dole sai an keɓe, ku biyu. Ka zaɓi lokacin da ba'a kusa hawa ba kuma ba'a jima da sauka ba, sannan kar ka haɗa ta da ranar rabon kuɗi, in ba haka ba zai ɗauka hanyar rage masa kaso kake nema. Ka raka shi bakin titi bayan rihazal ko ku zauna wajen mai shayi inda babu 'yan ƙungiya. In sa'anka ne kana iya cewa, mutumina akwai maganar da nake so muyi, ni da kai ce bata wuce nan ba, kasan hannunka a fiyano babu wanda zai maye mana shi, amma wandon nan mai yaga a gwiwa masu bikin Asabar sun yi magana, kuma irin gidajen nan su muke so su riƙa kiranmu, ya kake gani za'ayi? Daga nan kayi shiru. Shirun nan yana da wuya amma ka daure, domin a nan ne zakaji ainihin dalili, ko babu kuɗi, ko shi a ganinsa haka matasa suke so kuma su yake son jawowa, wanda wataƙila ma yana da gaskiya in wasan na ɗalibai ne, sai ku rabu a kan cewa wasan makaranta da shigarsa, gidan biki da tasa. Abu ɗaya zaka faɗa a zama ɗaya, kar ka kwaso na bara da na bana. Kar kace kowa yana magana, wannan kalmar tana sa mutum ya koma yana zargin duk 'yan ƙungiya suna cin namansa. Kuma kar ka ƙirƙiro ƙorafin mai biki in babu, ranar da ya gano ƙarya kayi ba zai sake yarda da kai ba.

In wanda za'a yi wa maganar ya girme ka, misali dattijon mai kalangu da ya fara kiɗa tun kafin a haife ka, to hanyar daban ce. Ka je gidansa ka gaishe shi, ka tafi da sabuwar hula ko yadin a leda, kace Baba ga wannan mun yi wa kowa, muna so ranar Juma'a ka sa mana albarka ka fito da shi, yaran nan kai suke kallo. Ya gane saƙon sarai kuma girmansa bai faɗi ba. In kuma ogan ne da kansa yake da matsalar, kar ku taru ku tunkare shi, zai ga kamar tawaye ne, ku samu wanda yafi jin maganarsa a cikinku ko amininsa na waje, ya fara da Allah ya huci zuciyarka maigida, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, sannan ya faɗi abun a taƙaice.

Maganar mace kuwa, in kai namiji ne kar ka keɓe da ita kana mata bayanin inda riga ta kama da inda bata kama ba, ko niyyarka fara ce tas zata iya jin ta muzanta, kuma ka nuna mata kenan kallon da kake mata. Ka samu babbar mace a ƙungiyar, ko mai yi musu kwalliya da ɗaurin ɗankwali, ko yayarta da take rako ta, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ita zata san yadda zata ce ƙanwata zo mu sake duba ɗinkin nan a fitila. Akwai kuma ɗaya gefen da ba'a cika faɗa ba, masu matsa wa yarinya ta rage mayafi ko ta matse ɗinki ko ta ƙara haske wai don liƙi ya ƙaru. Duk shugaban da yake haka ya ci amanar iyayen da suka yarda suka bashi 'yarsu. Ita zata koma unguwa ta zauna da surutun, ita za'a yanko a bidiyo ana zagi, kai kana gida. Bilicin kuma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta daɗe tana gargaɗi a kansa saboda illar da yake yi wa fata, to bai kamata ace daga bakin ƙungiya aka fara zuga wata ta shafa ba, in kuma ta riga ta fara wannan maganar lafiya ce da 'yar'uwa zata yi mata, ba'a sako ta cikin maganar hoton ƙungiya.

Sai warin jiki da na baki, wanda kowa yake gudu. Anan kwana-kwana ta fi cutarwa, in kayi ta jefa habaici ko ka ajiye turare a jakarsa a ɓoye zai gane kuma zai san an tattauna shi. Gara ka faɗa a gajarce cikin mutunci, ɗan'uwa zan gaya maka abun da nima zan so a gaya min, in mun yi zufa ana ɗan jin hammata, kuma maik ɗaya muke karɓa-karɓa. Shikenan, kar ka ƙara bayani kar ka yi dariya. Sai a sauƙaƙa wa kowa, a riƙa tafiya da singileti na canji da ƙaramin tawul, alimun ko turaren hammata tun daga gida bayan wanka domin fesa turare kan zufa ƙara dagula abun yake, asuwaki da kanumfari a jakar kayan aiki. In warin bakin ya ƙi tafiya sau da yawa haƙori ne ya lalace, ka taimaka masa yaje a duba, in da hali asusun ƙungiya ya ɗauki wani abu.

Wani lokacin kuma ba sai ka sa ra'ayinka ba sam, dokar gari ta isa hujja. A Kano akwai hukumar tace fina-finai tun 2001 kuma mawaƙa ma suna ƙarƙashinta, a 2025 ta hana bikin ƙauyawa da ake yi a bukukuwa, ga Hisbah da ta sha kama matasa kan aski. Ko mutum ya yarda da tsarin ko bai yarda ba, in aka tsayar da wasa saboda mutum ɗaya kowa ne zai koma gida babu balas, ga kayan sauti na haya da za'a biya. Ka faɗa masa haka kai tsaye, kuma in zaku yi tafiya wata jiha ko ku tsallaka Maraɗi ko Damagaram ku tambayi wanda ya gayyace ku yadda wurin yake tun kafin ku haɗa jaka.

Guruf ɗin WhatsApp na sanarwa ne, ranar kaza kala kaza ƙarfe kaza, kar a taɓa gyara mutum a ciki, kar a turo hotonsa an zagaye takalminsa da jan layi, abun da aka rubuta baya gogewa kuma ana tura shi gaba. Haka hotunan da za'a ɗora a shafin ƙungiya ko a fosta, a nuna wa kowa kafin a saka, wanda yace wannan bai masa ba a canza, kuma a riƙa sa sunan masu kiɗa, yawancin rigimar da ake cewa ta kaya ce in ka tona zakaga mutum ya gaji ne da ganin rabin fuskarsa a gefen fosta shekara da shekaru.

In kayi duk wannan ya ƙi, ka bashi wasa biyu ko uku ka gani, don wani sai ya huce yake gyarawa, baya so ace don an faɗa ne yayi. In bai canza ba ku sake zama, wannan karon da mutum ɗaya da ku duka kuke ganin girmansa, a karanto ƙa'idar da shi ma yana wurin aka yi ta, a tambaye shi ko zai iya ko ba zai iya ba. In yace ba zai iya ba akwai matsakaiciya, ya riƙa yi muku aikin situdiyo da wasannin da shigarsa ta dace da su, a nemo wani na gidajen biki. In rabuwar ce ta zama dole to a lissafa haƙƙinsa har abun da ya zuba a asusun kaya a bashi a hannu a gaban mutumin nan ya zama shaida, kuma in mutane sun tambaya dalili ace an rabu lafiya, kar a ji maganar rigarsa ko jikinsa daga bakin kowa a cikinku.